Sanarwa kan zagayen cikin birni ranar Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa. Baƙinmu da za su zo ɗaurin aure sun roƙa a zaga da su cikin birnin Zazzau kafin su juya, kuma awa uku kacal muke da su, daga azahar zuwa bayan la'asar.

Mu haɗu a Ƙofar Doka da ƙarfe biyu daidai. Daga nan sai fada, a tsaya a ga zanen da ke jikin ƙofar, launi kan launi. A sa tufafin mutunci, kada kuma kowa ya ɗaga waya ya ɗauki hoto sai dogarai sun ba da izini.

Inda nake so mu daɗe shi ne Masallacin Juma'a da ke kusa da fada. Babban Gwani Muhammadu Mikailu ne ya gina shi a zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen shekarun 1830. A da, daga waje sabon gini ake gani, tsohon yana ciki, kafin wani sashe na masallacin ya rufta a 2023. A tsohon ginin, bakan gizo, wato lanƙwasassun ginshiƙai na ƙasa da azara, su ne suka riƙe rufi ba ƙarfe ba siminti. Ni ko sau nawa na shiga sai jikina ya yi sanyi. A can za mu yi la'asar.

A hanyar fita za mu nuna musu abin da ya rage na ganuwa. Dutsen Kufena kuwa a haƙura, lokaci ba zai kai ba.

Masu mota su yi magana yau don mu san kujeru nawa ne. Allah ya kai mu.