Wannan Ba Gilisarin Ɗin Shafawa Ba Ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Tun daren Talata raina yake a ɓace saboda maganar da baƙonku ya yi a shirinku na rediyo, kuma mai gabatarwa ya bar ta ta wuce. Wai baƙin ruwan da ke kwantawa a ƙasan duro bayan an haɗa man dizal daga man girki, shi ne gilisarin ɗin da mata ke shafawa da hunturu, don haka "a zuba a kwalba a sayar". Innalillahi! A gidan rediyo, ga sanyi ya kawo jiki, kowa na neman maganin faso da kaushi?

Ni injin niƙa gare ni a Rigasa. Da man dizal ya yi tsada na fara bin masu ƙosai da awara ina sayen man da suka gama suya da shi, in tace, in haɗa da metanol (wani sinadari ne dangin barasa) da soda, in ba injina. A jarka mai lita 20 ina samun wajen lita 3 na wannan baƙin ruwa. Gilisarin yana ciki, ban musa ba, amma a cakuɗe yake da ragowar soda da sabulu da dattin suya, da kuma metanol ɗin da bai gama aiki ba. Metanol guba ne. Kaɗan daga cikinsa yana makantar da mutum, yana kisa, kuma yana shiga jiki ta fata da ta numfashi. Gilisarin na kantin magani kuwa an tace shi a masana'anta har ya zama garau kamar ruwa, ba wari. Ina haɗin wannan da wancan?

Ba labari aka ba ni ba. Bara yaron shagona ya ji ina kiran abin gilisarin, ya ɗiba a gorar ruwa ya kai wa mahaifiyarsa don tsagewar ƙafa. Kwana biyu tana shafawa, soda ta cinye mata fata, ƙafar ta yi ja ta saɓule, sai da muka kai ta asibiti. Baiwar Allah mai wankau, ta yi mako uku ba ta taka ƙasa ba. Ita fa mutum ɗaya ce. Ku mutum nawa suka saurare ku daga Kawo zuwa Kakuri?

Abin da ya ƙara ƙona min rai shi ne abin yana da amfani na gaskiya, amma baƙon bai ambaci ko ɗaya ba. Matakin farko a raba shi da metanol. Metanol yana tafasa a kusan digiri 65, gilisarin kuwa sai 290, saboda haka ɗumi kaɗan ya isa. Wani maƙeri a Panteka ya haɗa min tukunya mai murfi da bututun tagulla da ya ratsa ta cikin bokitin ruwan sanyi. Ina ɗumama ta da hita idan an kawo wuta, a fili, nesa da murhu, domin harshen wutar metanol da kyar ake ganinsa da rana. Tururin ya huce ya ɗiga a kwalba, in mayar da shi haɗi na gaba. Kuɗina ke nan ya dawo.

Abin da ya rage sai in ƙara masa ruwa da ɗan soda gwargwado, in bar shi ya kwana biyu, ya zama sabulu mai ruwan ƙasa. Ba na wanka ba ne, kuma ina gaya wa kowa haka. Amma wajen cire baƙin mai daga sifana da kayan inji da daɓen gareji, kanikawan layinmu sun ce ba su ga kamarsa ba, yanzu su ke aiko yara da galan.

Na gwada cakuɗa baƙin ruwan da dusar katako in hura wuta, hayaƙin ya kusa fitar min da ido. Ashe in bai samu wuta mai ƙarfi sosai ba, hayaƙi mai guba yake fitarwa, don haka kada wata ta kai shi madafa. Kada kuma a tuttula shi a lambatu, ƙarshensa kogin Kaduna. Wanda ya haɗa nasa da man binidazugu kuwa, ko da wasa kada ya kusantar da shi ga abincin dabba, ƙwayar kanta guba ce.

Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a cikin gari, ga cibiyar NARICT a Zariya da aikinta ke nan binciken sinadarai. Ku ɗauko masani daga can ya warware wannan magana, a shirin, a lokacin da aka yi ta, kafin sanyi ya kankama.

Sannan don Allah lambar wayar da kuke bayarwa fa? Sau 7 na kira a daren, kullum layi a cike, amma na ji an ba mutum ɗaya minti biyar yana gaishe da abokansa na majalisa ɗaya bayan ɗaya.

Naku,
Mai injin niƙa,
Rigasa, Kaduna.