Rahoton kwamiti kan gyaran ɗakin kayan kuza

Assalamu alaikum. Tun bayan Sallah ake tare 'yan kwamiti a ƙofar masallaci da wurin ɗaurin aure, ana tambayar inda kuɗin ɗakin kayan kuza ya shiga. Har mun ji an ce wai tsohon ƙarfe muka gina wa gida. Mai kuɗi yana da hakkin tambaya, don haka ga bayani.

Kowa ya san mafarin maganar. Mun kai yaran Islamiyya gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, suka tsaya gaban kan jirgin tsohon layin dogo na Zariya zuwa Bukuru. Faɗin layin ƙafa 2 da inci 6 ne kacal, ya iso a 1914, aka rufe shi a 1957. Kuza ce ta kawo shi, ita kuma ta kawo kakannin yawancinmu unguwar Gangare a Jos, amma a cikin yaran babu wanda ya taɓa riƙe ta a hannu. Shi ya sa aka yarda a tattara diga, shebur, kwanon wanke kuza da sikelin awo da suka rage a gidaje, a gyara tsohon siton da aka ba mu aro. Sabon kwanon rufi, ƙofar ƙarfe da fenti, babu wanda ya yi ƙorafi a kansu.

Inda ake surutu shi ne daɓen ƙasa da injin famfo, kuma gaskiya ne sun cinye fiye da rabin abin da aka tara. Injin nan shi ne irin wanda ake zuƙe ruwa da shi daga ramin haƙa. Saura kaɗan 'yan gwangwan su sare shi su sayar a kilo muka fanso shi. Ƙarti goma ba su iya ko motsa shi ba, dole aka yi hayar motar ɗaga kaya. Kwana uku da ajiye shi daɓen ya tsage daga ƙarƙashinsa har bakin ƙofa, tsagar da yatsa ke shiga. Da birkila ya fasa ya haƙa, ƙasa ja ba ta fito ba, sai farin yashi da tsakuwa mai zubewa kamar gari. Ashe wurin tsohon rami ne da aka cike da ragowar wankin kuza. Wanda ya taɓa gini a Jos ko Bukuru ya san wannan ƙasa.

Wasu sun ce me ya hana a bar injin a waje. Da mun yi haka, damina biyu ta ishi tsatsa ta gama da shi, in ma ɓarayi sun bar mata. Kuma ko babu injin, bangon kansa a kan yashin yake zaune. Sai aka kwashe, aka zuba dutse, aka ɗaure rodi, aka yi kankare. Kuskurenmu ɗaya ne, kuma mun ɗauka: ba mu sa an gwada ƙasar ba tun farko, har muka biya kuɗin daɓe sau biyu da hayar mota sau biyu. Rasit ɗin komai yana wurin ma'aji, mai son gani ya same shi bayan la'asar.

Godiya ta musamman ga Alhajinmu da ya hana a ambaci sunansa. Ranar da aiki ya tsaya cak, shi ya aiko da siminti ba tare da an roƙe shi ba. Allah Ya ƙara buɗi, Ya jiƙan mahaifansa. Haka Hajiya Babba, wadda ta ba da akwatin sufanun marigayi mijinta, ta ce gara jikoki su gani da ya ruɓe a ƙarƙashin gado. Matasan masu walda na Dilimi kuma ko sisi ba su karɓa ba.

Sai dai har yanzu tagogi biyu buhu ne a jikinsu, kuma feshin ruwa yana shiga ta gabas. Ƙananan kaya suna cikin kwali don babu akwatin gilashi, babu kuma allunan bayani, ga dattawan da suka san sunan kowane ƙarfe suna ta raguwa. Muna roƙon mai bulo ya kawo bulo, kafinta ya ba mu yini ɗaya. Wanda kuma yake da tsoho a gida da ya yi aikin kuza, don Allah ya kawo mana shi ranar Asabar, za mu tanadi kujera da mai rubutawa.