Barka da Sallah daga Marseille

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Baba da Inna, tare da gaisuwa mai yawa da fatan an yi Sallah lafiya. Allah ya karɓi layyarku, ya maimaita mana. Ina gaida Yaya da iyalinsa, da Goggo, da yara baki ɗaya.

Inna ta tambaye ni a waya ko a ɗaki na wuni ni kaɗai ranar idi, shi ya sa na ga ya dace in rubuto muku yadda na yi yawon Sallah. A Faransa ba a ba da hutun Sallah, sai na nemi izinin kwana biyu a wurin aiki. Da muka sauko daga idi, ni da abokan zamana biyu muka hau jirgin ƙasa a tashar Saint-Charles muka nufi yamma, gaɓar da suke kira Côte Bleue. Tun 1915 aka buɗe wannan layin dogo, kuma jirgin yana fita daga rami a cikin dutse ya hau doguwar gada, ya sake shiga wani ramin, ga Bahar Rum a ƙasa shuɗi kamar ruwan karofi. Mun sauka a Niolon, ƙauyen da bai kai unguwa guda ba, gidajensa maƙale a jikin dutse, ƙananan jiragen masunta a ɗaure a bakin ruwa. Burodi da kifi muka ci, domin naman layya bai iso ba. A nan doka ba ta yarda a yanka rago a gida ba, sai a mayankar da hukuma ta amince da ita.

Washegari muka tafi gabas zuwa Cassis. Garin yana gindin wani dutse mai suna Cap Canaille, wanda tsayinsa ya kai mita 394 daga kan ruwa, kuma daga tashar jiragensa ake ɗaukar mutane a shiga da su lungunan teku tsakanin fararen duwatsu, waɗanda gwamnati ta keɓe a 2012 domin a kiyaye su. Wurin yana da kyau ƙwarai, amma baƙi sun yi masa yawa, abinci kuma akwai tsada.

Ni dai Allauch ya fi kwanta mini a rai, can nake zuwa ranar Lahadi idan na samu sarari. Ƙauye ne a kan tudu, motar bas tana kai mutum. Akwai tsofaffin injinan niƙa da iska take juyawa a da, da wata ƙaramar coci a can sama, inda ake hango Marseille har zuwa teku. Da yamma dattawansu sukan taru a inuwa suna wasan jifa da ƙwallon ƙarfe, suna gardama kamar masu dara a ƙofar gidanmu, duwatsun kuma sukan tuna mini da na Birni a Damagaram.

Na tura hotunan a wayar Yaya, a nuna wa Inna. Sabulun man zaitun da ta ce tana so yana hannun wani ɗan garinmu da zai taso a wata mai zuwa. A ci gaba da sa ni a addu'a.

Wassalam,
Ɗanku