Na yi magana kan abincin yara, yanzu ni ake kira ɓarauniya

Salamu alaikum Hajiya, ina gaida ki da duk ma'aikatan shirin nan. Don Allah ki sakaya sunana da unguwarmu, garin Tawa in an ji unguwa an gane mutum.

Hajiya tun ranar Talata ban ci abincin kirki ba. An cire ni daga masu aikin sa kai na wata ONG, ƙungiyar agaji mai kula da yara masu tamowa, kuma ba wanda ya kira ni ya ce ga laifinki, a grup ɗinmu na WhatsApp kawai na ga sabuwar lista ba sunana, da dare wata abokiyar aikina ta kira ni murya ƙasa-ƙasa wai shef ɗinmu ya ce katan-katan na plumpy, abincin gyaɗa na leda da ake ba yaran, da suka ɓace ni na san inda suka shiga. Ni Hajiya, ni da nake taka sayyada daga bakin titi zuwa ƙauye cikin rana.

Bari in koma baya. Na tsaya lakwal shekarar jarabawar BEPC saboda rasuwar babanmu, ba don ba ni da ƙoƙari ba, malamaina suna nan da ransu. Zaman gida ya ishe ni shi ya sa na shiga aikin, ba albashi, sai ɗan kuɗin mota ranar fita. Muna zagaya ƙauyukan hanyar Illela muna auna dantsen yara daga wata 6 zuwa 59 da ɗan zaren nan mai kala uku, in ya faɗa ja, wato ƙasa da milimita 115, tamowa ta yi tsanani ke nan. Mukan danna bayan ƙafa da yatsa, in ramin ya zauna bai taso ba kumburi ne, ba ƙiba ba kamar yadda iyaye ke zato. Yaron da ke iya ci, uwar za ta riƙa karɓar plumpy duk sati a CSI, wato ƙaramin asibiti, wanda ya ƙi ci sam ko zawo da amai suka kayar da shi sai CRENI, sashen asibiti na masu tamowa mai tsanani, a kwantar. Katan ɗaya leda 150 ne, kusan maganin yaro guda ke nan har ya tashi. Na faɗi wannan ne don ki san mi ake nufi in an ce katan ya ɓace.

Akwai wata yarinya da nake bi, uwar ta rasu wajen haihuwar ƙanenta, uban yana Libiya ba labari, kakar ce ke riƙonta, tsohuwa da kunun gero tsarara kawai take da shi. Ranar da na fara auna ta zaren ya kusa zagaye hannun sau biyu, gashin kanta ya yi ja ya kwanta, ko kuka ba ta iyawa sai buɗe baki. Ta fara murmurewa har tana riƙe ledar da kanta tana tsotsa, sai aka ce kaya sun yanke, a dawo wani sati. Tsohuwar nan a amalanke ta zo, a amalanke ta koma hannu wofi. Shef ya ce tun da Amurka ta rage tallafi a 2025 ko'ina haka ne, na yarda.

To cikin satin nan na shiga kasuwa sayen kayan miya na ga ledojin ja da fari an jera su a tire kusa da alawa, ana sayarwa kamar biskit. Na san wasu iyaye na sayar da na 'ya'yansu saboda babu, wannan kowa ya sani, amma wannan tari ne, kuma matar da ke zaune gaban tiren matar magazinye ɗinmu ce, mai riƙe da ɗakin ajiyar kaya. Mutumin nan dama ba ya ganin kowa da gashi, in mata sun zo yakan daka musu tsawa wai sun cika wurin da wari, ga sabon moto ya saya cikin damina lokacin da kowa ke kuka. Washegari na samu shef shi kaɗai na faɗa masa, ban yi kwakwazo ba, ban faɗa wa kowa ba.

Yanzu abin da suka riƙe wai an taɓa ganina na ba wata tsohuwa leda ba a rubuta a rajista ba. E na ba ta, kakar yarinyar nan ce, ragowar waɗanda muke gwada cin yara da su ne, kuma gaban mutane na miƙa mata. Wannan ne za a haɗa da katan-katan?

Na manta ban gaya miki ba, magazinyen kawun wanda zan aura ne, ƙanen mahaifiyarsa ciki ɗaya, wanda zan auran kuma yana Abijan wajen bida, an sa rana bayan girbi. Inna ta ce in ja bakina in yi shiru, wai aikin da ba a biyana zai kashe mini aure, har kuka ta yi. Yayana ya ce in rubuta wa manyan a Yamai. Ni kuma tsorona kar su zo bincike su rufe wurin gaba ɗaya, ga lokacin zazzaɓin sauro ya kama, yaran ne za su sha.

Hajiya in kira wanda zan aura in faɗa masa da bakina kafin uwarsa ta riga ni, ko in bari sai ya dawo? Tun jiya ba ta amsa gaisuwata a waya ba. Kuma in na hau mota na je duba yarinyar nan da kuɗina, ba riga ba baj, za su iya cewa na yi laifi? Ranar Alhamis ce ranar awonta.

Taki mai saurare kullum, daga Tawa.