Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga mai tambaya game da 'yan sa kai na kashe gobara

Assalamu alaikum, Malam.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne domin in amsa tambayar da ka yi mini a bainar jama'a ranar taron ƙungiyar ci gaban garinmu a nan Misau. Ka ce ka ji labarin cewa a ƙananan garuruwan Amurka mutanen gari ne ke kashe gobara ba tare da albashi ba, ka nemi in faɗa ko gaskiya ne, kuma ko irin wannan tsari zai zauna a wurinmu.

Gaskiya ne, kuma abin ya daɗe. A shekarar 1736 Benjamin Franklin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙasar Amurka, ya haɗa maƙwabtansa a birnin Filadelfiya suka kafa ƙungiya mai suna Union Fire Company, wadda mutanenta ba su wuce talatin ba. Ba su fara da mota ko kaki ba. Sharaɗin shiga shi ne kowa ya tanadi bokitan fata na ɗibar ruwa da buhunan kwashe kaya a gidansa, ya fito da su da zarar an yi kururuwar gobara, ya kuma halarci zaman da ake yi kowane wata, wanda ya saɓa a ci shi tara. Har ma sukan tsayar da wasu daga cikinsu a bakin ƙofar gidan da ke ci domin tsare kayan da aka fitar, wanda ya nuna cewa masu zuwa gobara da niyyar ɗauke abin mutane ba a kasuwanninmu aka fara ganinsu ba.

Da birane suka bunƙasa, ƙungiyoyin suka yawaita, gasar riga isa wurin gobara ta koma faɗa a tsakaninsu wani lokaci alhali gida yana ci. Wannan yana cikin dalilan da suka sa birnin Sinsinati ya koma ga ma'aikata masu albashi a 1853, sauran manyan birane suka bi sahu. Ƙananan garuruwa kuwa, da yake harajinsu ba zai iya riƙe ma'aikata dare da rana ba, sun ci gaba da 'yan sa kai, shi ya sa har gobe mafi yawan masu kashe gobara a Amurka ba su da albashi. Haka abin yake a Jamus, a ƙasar Chile ma tun ƙungiyar farko da aka kafa a Balfaraiso a 1851 aikin sa kai ne.

Namu tarihin ya bi wata hanya dabam, domin aikin kwana-kwana ya fara ne a Legas a 1901 a ƙarƙashin 'yan sanda, dokar 1963 ta tsayar da hukumar tarayya, jihohi kuma suka kafa nasu. Tun daga tushe abu ne na gwamnati, saboda haka muka saba da jiran mota.

Ra'ayina shi ne tsarin zai zauna, amma ba don ƙarancin masu taimako muke asara ba. Duk wanda ya ga gobara a lokacin hunturu ya san cewa kafin a ce kwabo matasa da 'yan garuwa da 'yan agaji sun cika wuri, tamkar an kira gayya. Abin da babu shi ne tsari: ba a san wanda zai ba da umarni ba, ba a san rijiyar da za a nufa ba, wani ya watsa ruwa a kan fetur wutar ta bazu, wani ya watsa a kan wayar lantarki da ba a katse ba ya jefa ransa cikin haɗari, alhali yashi da katse wutar lantarki ne maganin waɗannan. A mintunan farko ake cin gobara ko ta ci mutane, musamman inda rumfunan zana da katako ke manne da juna.

Saboda haka shawarata ita ce kada a fara da neman gudummawar sayen mota, domin motar da babu mai kula da ita ba ta daɗewa. A fara da rajistar mutum ashirin ko talatin a kowace unguwa da sanin mai unguwa da sarkin kasuwa, a ware tanki ko rijiyar burtsatse da aka san ta gobara ce, a ajiye bokitai da buhunan yashi da tukwanen kashe wuta, sannan a roƙi hukumar kashe gobara ta Jihar Bauchi ta turo masu horarwa. Wannan ba zai sauke wa gwamnati nauyin da ke kanta ba, don 'yan sa kai tare wuta suke yi kafin ƙwararru su iso, kuma bai halatta a tura wanda ba shi da kayan kariya cikin ɗakin da hayaƙi ya cika ba.

Idan shugabannin ƙungiya sun amince, zan kawo daftarin sharuɗɗan shiga a zama na gaba, domin a kai wa hakimi kafin iskar hunturu ta kankama.

Wassalam,
ɗan'uwanka, tsohon ma'aikacin kwana-kwana, Misau.