Ina muryar manomi a shirinku na giwayen Asiya?

Assalamu alaikum Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na saurari shirinku na giwaye daga farko har ƙarshe, kuma wallahi raina ya ɓaci. Minti talatin cur kuna jimamin giwa, kun gayyato masana har uku, amma ko manomi ɗaya ba mu ji ya buɗe baki ba. Har wani cikin baƙin naku yake cewa wai manoma ne ba su da haƙuri. Wane haƙuri kuma?

Na yi karatun aikin gona a Coimbatore, jihar Tamil Nadu ta Indiya. Wani hutu abokin karatuna ya kai ni ƙauyensu da ke gindin duwatsu, dab da daji. Mahaifinsa dattijo ne, ya ba sittin baya, gonar ayaba ce duk abin da ya mallaka. In ayaba ta kusa nuna ba ya kwana a ɗaki. Wata 'yar rumfa ya ɗaura a kan bishiya, nan yake hawa da tocila da gwangwani har asuba. Kwana biyu na yi tare da shi a can sama. A dare na biyu toron giwa ya shigo. Muka yi ihu, muka kaɗa gwangwani har hannu ya gaji, ko a jikinsa. Giwa ɗaya takan ci kilo 150 na abinci a rana, sannan abin da ta tattake ya fi wanda ta ci yawa. Da gari ya waye dattijon nan ya tsugunna a tsakiyar gonar da ya shuka da kuɗin bashi, ya daɗe bai ce uffan ba. Ko zagin giwar bai yi ba. Da ya yi magana, cewa ya yi wannan hanyar giwaye ce tun kaka da kakanni. Har na baro ƙasar yana zirga-zirga da takardun neman diyya.

Wannan ne mutumin da aka ce ba shi da haƙuri?

Ni ma ba na son giwa ta ƙare. Na san waɗanda suka rage a dazukan Asiya ba su wuce 50,000 ba, fiye da rabinsu a Indiya, kuma na san jirgin ƙasa ya sha kashe su a layin dogon Madukkarai, kusa da Coimbatore. Amma kun faɗi wannan kun manta cewa mutum kusan 500 ke rasa ransu duk shekara a Indiya sanadin giwa, akasarinsu talakawan karkara. A garin Valparai na jihar Tamil Nadu, cikin gonakin shayi, ana tura wa mutane saƙon waya a kunna jan fitila idan giwaye sun kusanto, kuma hakan ya ceci rayuka. Da mutanen wurin ake gudanar da wannan tsari. Me ya hana ku nemo ɗaya daga cikinsu? Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo.

Sannan don Allah ku rage kiɗan da kuke sawa a ƙarƙashin murya. Mahaifiyata tana son shirin, amma rabin maganar ba ta ji.

Naku mai sauraro,
daga Zariya