Carl Nielsen ɗan mai fenti ne, ba ɗan fada ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rubutun da ya fito a shafinku na al'adu, inda marubucin ya ce kiɗan Turawa na manyan ƙungiyoyi, wanda ake rubutawa a takarda kafin a kaɗa shi, kiɗan sarakuna da attajirai ne, babu ruwan talaka da shi. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin fadoji da majami'u sun daɗe suna ɗaukar nauyinsa, amma an yi kuɗin goro, kuma rayuwar Carl Nielsen, wanda mutanen Danmak suke ɗauka babban mai tsara kiɗan ƙasarsu, ta isa hujja.

An haife shi ranar 9 ga Yuni, 1865, a wani ƙauye kusa da Nørre Lyndelse a tsibirin Fyn, shi ne na 7 cikin 'ya'ya 12. Mahaifinsa fenti yake yi wa gidaje, idan kuma biki ya tashi sai ya ɗauki goge ko ƙaho ya je ya kaɗa wa ƙauyawa su yi rawa. Yaron ya yi kiwon dinya domin a samu na sawa a baki. Yana da shekara 6 ƙyanda ta kwantar da shi, sai mahaifiyarsa ta miƙa masa ƙaramin goge, tana rera waƙoƙin da ta sani, shi kuwa yana lalubar muryoyinsu a kan tsirkiya har ya dace. Daga nan ya shiga bin mahaifinsa wuraren biki. An kai shi koyon tsaron kanti, kantin ya karye, sai a 1879 ya samu aikin busa begila a ƙungiyar badujalar soja ta birnin Odense.

Ba zan ɓoye ba, da taimakon wasu masu hali ya shiga makarantar kiɗa ta Kopenhagen a 1884, a zamanin da Niels Gade yake shugabancinta. Sai dai taimakon bai mayar da shi ɗan gata ba. Daga 1889 ya shafe shekara 16 yana zaune a sahu na biyu na masu goge a ƙungiyar makaɗan gidan sarauta, yana karɓar albashi kamar kowa. Ranar da aka fara kaɗa simfoninsa na farko a 1894, wato dogon kiɗan da dukan ƙungiya take haɗuwa a kansa, Johan Svendsen ne ya jagoranta, shi kuwa mai kiɗan yana can cikin sahu da gogensa a kafaɗa.

Simfoni 6 ya bari, kuma wanda ya saurari na huɗu da na biyar ba zai ce an tsara su domin a faranta wa wani basarake rai ba. Ya kammala na huɗu a 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma a ƙarshensa ya sa masu manyan tambura biyu su yi ta mayar wa juna martani kamar masu faɗa. A na biyar, na 1922, ya umarci mai ƙaramar gangar soja ya saki abin da aka rubuta, ya kaɗa son ransa da nufin ya wargaza tafiyar sauran makaɗa ko ta halin ƙaƙa, su kuma su dage har su rinjaye shi. A ganina, tsohon ɗan badujala ne kawai zai san irin firgicin da ke cikin wannan ganga.

Abin da ya fi ƙarfafa hujjata shi ne gajerun waƙoƙinsa. A daidai lokacin da yake tsara waɗannan manyan ayyuka, yana kuma sa wa baitocin mawaƙan ƙasarsa muryoyi masu sauƙi da manomi zai iya rerawa ba tare da ya san rubutun kiɗa ba. Shi da Thomas Laub da Thorvald Aagaard da Oluf Ring suka fitar da littafin muryoyi na makarantun manya na karkara a 1922, kuma har gobe ana rera waƙoƙinsa a makarantu da tarurruka. Wadda ta fi shahara a zamaninsa, Jens Vejmand ta 1907, a kan baitocin Jeppe Aakjær, labarin wani talaka ce mai fasa dutse a bakin hanya, wanda ya ƙare rayuwarsa cikin duwatsu amma ba a kafa ko ɗaya a kabarinsa ba.

Ya rasu ranar 3 ga Oktoba, 1931, 'yan watanni bayan an naɗa shi shugaban makarantar da ya yi karatu. Sunansa ya daɗe bai fita waje sosai ba, sai bayan jagoran makaɗa Leonard Bernstein ya naɗi simfoni na biyar a faifai a Amurka a 1962, daga baya kuma ƙasarsa ta sa hotonsa a takardar kuɗi ta kurona 100. Ina roƙon marubucinku ya nemi simfonin nan da waƙar mai fasa dutse a intanet ya saurara, sannan ku ba shi fili ya sake duba hukuncin da ya yanke.

Naku,
Mai karanta jaridarku, daga Zariya